Sawakin: Garin Murjani a Kan Tsohuwar Hanyar Hajjin Hausawa

Gabatarwa

Kafin jiragen sama su fara jigilar alhazai, maniyyacin ƙasar Hausa yakan doshi gabas ne ta ƙasa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, tafiyar da kan ci shekaru. Ga da yawa daga cikinsu, zangon ƙarshe a nahiyar Afirka shi ne Sawakin, wani ɗan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wannan maƙala ta waiwayi wuraren da mai ziyara zai gani a garin da kewayensa, da dalilin da ya sa suke neman shuɗewa.

Cikin Tsibirin

Tsohon garin yana zaune ne a kan tsibiri mai siffar da'ira, a ƙuryar wani mashigin teku. Ibn Batuta ya ziyarce shi a ƙarni na 14, kuma a ƙarni na 16 ya shiga hannun Turkawan Santambul. Abin da ya fi jan hankali shi ne ginin: da dutsen murjani da aka haƙo daga teku aka yi gidajen, wasunsu benaye, masu tagogin katako da aka sassaƙa domin shan iska ba tare da an keta sutura ba. Akwai kuma Masallacin Hanafi da Masallacin Shafi'i da tsohon ofishin kwastan. Hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu a zamanin Janar Gordon aka yi ta, ita kuwa Ƙofar Kitchener ta 1886 tana tuna lokacin da dakarun Usman Digna, kwamandan Mahadi, suka matsa wa garin.

Kewayen Gaɓar

A arewa, cikin teku daura da Port Sudan, akwai Sanganeb, wani zoben murjani mai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi, tare da mashigin Dungonab, cikin jerin kayan gadon duniya. A can cikin duwatsu kuma akwai Arkawit, inda ake gudun zafin gaɓa.

Dalilin Zama Kufai

Mashigin Sawakin ya yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, shi ya sa Ingilishi suka soma gina Port Sudan a 1905. Fatake suka ƙaura, gidaje suka rasa masu kula da su. Dutsen murjani kuwa tamkar ginin ƙasa yake a wurinmu: muddin aka daina yi masa yaɓe, sai danshi da gishiri su cinye shi. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan biyu, amma yawancin gidajen sun zube, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da yawon buɗe ido a ƙasar.

Kammalawa

Ga Bahaushe, Sawakin wani ɓangare ne na tarihinsa, domin zuriyar waɗanda suka bi wannan hanya suna nan a Sudan. Tsofaffin da suka yi tafiyar, ko suka ji labarinta daga bakin iyayensu, suna ƙarewa a garuruwanmu. Ya kamata manazarta su naɗi labaransu tun suna raye.