Kafin Ka Ɗaure Kayanka Zuwa Zariya

Duk shekara dubban mutane ke nufar Zariya, wasu da takardar shiga jami'a, wasu da takardar kama aiki. Akasarinsu abin da suka sani game da garin bai wuce sunan Jami'ar Ahmadu Bello da na Sarauniya Amina ba. Sai mutum ya sauka a Kwangila, ɗan acaɓa ya tambaye shi inda ya nufa, sannan yake gane garuruwa da yawa ne ake kira da suna ɗaya.

Akwai birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take. Da ka fito Ƙofar Doka ka shiga Tudun Wada. Gaba kuma Sabon Gari, wadda ta tashi bayan zuwan jirgin ƙasa, ta tara Yarbawa da Ibo da sauran baƙi. Can arewa maso yamma, fiye da kilomita 10 daga birni, Samaru ce, wadda tun 1922 Turawa suka kafa tashar binciken noma a cikinta. A nan aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, da Norman Alexander a matsayin shugabanta na farko, kafin Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Ita kanta jami'ar a warwatse take: masu karatun shari'a da sha'anin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa yana Shika.

Amma kada baƙo ya ɗauka jami'a ce ta kawo karatu garin. Tun kafin zuwan Bature ake tattaki zuwa zaurukan malaman Unguwar Kona da Unguwar Juma don fiƙihu da nahawu, kuma har gobe ana buɗe littafi a can bayan sallar asuba. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita. Kwalejin Barewa ta tare a garin a 1949, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964. Ga Kwalejin Alhudahuda, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga barikin horar da kuratan soja.

Abin da ya fi muhimmanci mai shirin zama ya sani shi ne, abincin mutane da yawa a Samaru da kewayenta a rataye yake da kalandar makaranta. Mai ɗakunan haya, mai shayi, mai fotokwafi, mai buga wa ɗalibai kundin kammala digiri, mai wanki da guga, mai Keke Napep, matar da ke tuyar ƙosai a bakin ƙofa, ba ɗayansu da ke karɓar albashi daga jami'a, amma ita ce ke ciyar da su. Idan aka tafi hutu ciniki ya ja baya, wannan kowa ya san da shi, ana yi masa tanadi. Yajin aiki ne ba ya sallama. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ajiye alli ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta koma ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Ɗalibai suka kulle ɗakuna suka tafi, kuɗin hayarsu yana cinyewa, da suka dawo aka yi ta sa-in-sa da masu gida. Gwamnati ta riƙe albashin malamai, don haka mai kantin da ya saba ba malami bashi zuwa ƙarshen wata shi ma ya shiga uku. Masu muhawarar yajin aiki a rediyo ba kasafai suke tunawa da waɗannan bayin Allah ba, alhali su ba alawus ɗin da za a biya su daga baya.

Shi ya sa ma'aikatan da suka daɗe a garin ba sa dogara da hanya ɗaya. Da wuya ka zaga gidajen ma'aikata da damina ba ka ga masara a bayan gida ba, wasu kuma har gonar haya suke kamawa a ƙauyukan kusa. Sun yi dace da wurin zama, don irin masara da dawa da wake da gyaɗa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa a ƙofar gidansu yake.

Sai batun muhalli. Gidajen jami'a ba sa isar ma'aikata, ɗakunan kwana ba sa isar ɗalibai, don haka mafi yawa haya suke kamawa a Hayin Dogo, Zango, Palladan ko Hanwa. Kafin ka ba dillali ko kwabo, tambayi maƙwabta labarin ruwa. Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan famfo, kuma rijiyar da ka gani cike a watan Satumba tana iya ƙafewa da bazara, ka koma ciniki da 'yan garuwa kullum. Ka kuma duba nisan gidan da wurin aikinka, don mai aiki a Shika da ya kama gida a Tudun Wada zai ga kuɗin mota suna cin albashinsa. Unguwannin bayan gari sun fi araha, sai dai wasunsu sun ɗanɗana satar mutane a shekarun baya-bayan nan, tambaya ta zama dole.

Inda nake ganin ana tafka asara shi ne rabuwar da ke tsakanin mutanen Samaru da na birni. Akwai malamin da zai yi shekara talatin yana koyarwa, bai taɓa shiga birni ba sai kallon hawan sallah. Akwai kuma ɗan birnin da jami'a ba ta wuce masa wani wuri mai shinge da masu gadi ba. Ga Wusasa nan da cocinta na 1929, inda Yakubu Gowon ya tashi, ɗalibai nawa suka taɓa leƙawa? Babban masallacin Juma'a na birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830, masana zanen gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun nazarce shi. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Ganuwar ma kullum zaizayewa take, wani wurin ruwan sama, wani wurin masu ɗibar ƙasa da masu gini.

Garin da ke yaye injiniyoyi da masu zanen gine-gine da masana tarihi duk shekara bai kamata tsofaffin gine-ginensa su rasa mai duba su ba. Muna kira ga hukumar jami'a da masarautar Zazzau su haɗa ɗaliban waɗannan sassa da maginan gargajiya na cikin birni, a riƙa auna ganuwa da ƙofofi da tsofaffin zauruka kowace shekara kafin saukar damina.