Karatun likita a Nijar: hanyar tana farawa ne tun daga ajin seconde

Duk shekara, da zarar sakamakon BAC ya fito, iyaye da ɗalibai kan tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, domin tambayar yadda ake shiga sashen likitanci. Da yawa daga cikinsu a ranar ne suke jin cewa ƙofar ta rufe musu tun shekara uku da suka wuce, lokacin da yaro ya ci BEPC aka tura shi seconde A, babu wanda ya san ma'anar hakan a gida.

Ba a yin wani digiri kafin likitanci

Wani ruɗani da matasa ke kwasowa daga intanet shi ne cewa sai an fara yin digiri a fannin halittu ko shimi kafin a shiga karatun likita. Wannan tsarin Amurka ne. A can ɗalibi kan yi shekara 4 a jami'a, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya ƙara shekara 4 a makarantar likitoci.

A Nijar ba haka ba ne. Kamar sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, daga BAC kai tsaye ake shiga Faculté des Sciences de la Santé, wato FSS, tun shekarar farko. Wanda ya je ya yi licence a sashen kimiyya da fatan ya juyo likitanci daga baya, kada ya ɗauka cewa digirin zai tsallakar da shi wasu azuzuwa. Waɗannan hanyoyi biyu ne daban.

Zaɓin seri

Bayan BEPC, a lise hanya biyu ce a gaban ɗalibi: seconde A ta adabi da harsuna, ko seconde C ta kimiyya. Daga seconde C ne ake rabuwa zuwa seri C ko seri D. Seri C ta fi ba da ƙarfi a lissafi da fizik. Seri D kuma ta haɗa darasin halittu, wato SVT, da fizik da shimi da lissafi, kuma ita ce mafi yawan ɗaliban likitanci ke fitowa daga cikinta. Dukansu biyu suna kai wa ga FSS. Seri A ba ta kai wa.

Ke nan shawarar zama likita ana yanke ta ne yaro yana da shekara 15 ko 16. Makin lissafi da na kimiyya a ajin troisième na daga cikin abin da ake dubawa wajen tura shi seconde C. Uban da ke son ɗiyarsa ta zama likita, a nan ya kamata ya sa ido, tun kafin ta shiga lise. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Samun BAC D kaɗai ma bai isa ba. Masu nema sun fi guraben yawa, don haka ana tantancewa, kuma makin darussan kimiyya ne ke raba gardama. Sai kuma Faransanci. Duk da cewa a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, littattafai da darussa da jarrabawar likitanci da Faransanci ake yin su. Ɗalibin da ba ya iya rubuta abin da malami ke faɗa cikin sauri zai sha wuya tun watan farko.

Tsawon tafiyar

An kafa jami'ar Yamai a 1971, aka sa mata sunan masanin makamashin rana Abdou Moumouni Dioffo a 1992. Karatun likita a cikinta ba ya kasa shekara bakwai, ga kuma kundin bincike da ake karewa a gaban alƙalai kafin a karɓi digirin dokta. Shekarun farko na kimiyya ne zalla: tsarin jiki, aikin gaɓoɓi, shimi, ƙwayoyin halitta. A nan ne ɗalibai da dama ke maimaita shekara ko su sauya fanni. Daga baya sai zagayen marasa lafiya da kwanan aiki a Babban Asibitin Yamai, asibitin Lamorde da gidan haihuwa na Issaka Gazobi.

Wanda yake son ƙwarewa a tiyata, cututtukan yara ko na mata, sai ya ƙara shekara huɗu ko biyar, wasu a Yamai, wasu a Dakar, Abidjan ko Maroko. Iyali su yi lissafin wannan tun farko: kuɗin mota, littattafai, abinci, da kuma shekarun da yaro ba zai kawo komai gida ba. Tallafin hukumar ANAB na taimakawa, amma ba ya ɗauke dukan nauyin.

Yamai ba ita kaɗai ba ce yanzu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna da sashen likitanci. Ga ɗan Tasawa ko Magarya, karatu kusa da gida na iya rage tsada sosai.

Masu sha'awar kula da ƙafa

Akwai matasan da ke tambaya game da likitan ƙafa, musamman ganin yadda ciwon suga ke sa ana yanke wa mutane yatsu ko ƙafa gaba ɗaya. A Amurka fanni ne mai makarantunsa na kansa, shekara 4 bayan digirin farko. A Faransa kuma karatu ne na shekara 3 bayan BAC, kuma mai shi ba dokta ba ne. A Nijar wannan aiki yana hannun likitocin ciwon suga, likitocin tiyata da na ƙashi, da malaman jinya masu wankin rauni. Saboda haka mai wannan buri ko dai ya bi hanyar likitanci ya ƙware daga baya, ko ya koyi gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ko ƙera ƙafar roba, fannin da makarantar ENAM ta Lome ta daɗe tana horar da ƴan Afirka ta Yamma a kansa.

Idan ba a samu FSS ba

Makarantar ENSP Damouré Zika ta Yamai da takwararta ta Damagaram suna horar da malaman jinya, ungozomomi da ma'aikatan ɗakin gwaji cikin shekara uku. A cibiyoyin lafiya na karkara, su ne mutane ke fara gani, sau da yawa ma su kaɗai. Sai dai a sani, difloma ta jinya ba ta rikiɗa ta zama digirin likita don an daɗe a aiki.

Wasu iyalai kan tura ƴaƴansu Sakkwato, Kano ko Zariya, inda karatun ke ɗaukar shekara 6 da Ingilishi. Wasu kuma kan nufi makarantu masu zaman kansu, a gida ko a waje. Kafin a biya ko dala, tambaya biyu ce wajibi: shin gwamnati ta ba makarantar izinin koyar da wannan fanni, kuma shin hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, ta amince da takardarta? Takardar da aka samo a waje sai an daidaita ta a gida kafin a yi aiki da ita. Rashin yin wannan bincike kan sa a sayar da fili ko shanu a tashi da takardar da ba ta ba da damar taɓa majinyaci.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Nijar ba ta kai likita 1 ga mutum 10,000 ba, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Buƙatar tana nan. Iyayen da ƴaƴansu ke ajin quatrième ko troisième a bana, lokacinsu ne na zuwa makaranta su ga malamin lissafi, su duba takardar maki, su tambayi wace seconde ce yaron ya dosa.