Ka Shiga Kanada da Bizar Ziyara, Kana Son Karatu: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Wani dare cikin azumi ƙanena ya kira ni daga Toronto, muryarsa cike da murna. Bikin kammala karatun 'yar'uwarmu ne ya kai shi, da bizar ziyara, sai zama ya yi daɗi. "Yaya, na samu makaranta," in ji shi. "Akwai wani da ya ce in biya shi, zai juya mini bizar ta koma ta karatu." Na bari ya gama, sannan na tambaye shi ranar da ya sauka a filin jirgi. Ya yi shiru. Ina jin motsin takarda yana buɗe fasfo shafi bayan shafi, yana neman hatimi. Bai samu ba, domin ta na'ura ya wuce, ba wanda ya buga masa komai. Da muka ƙirga daga tikitinsa, saura kwana 41 wa'adin zamansa ya cika. Shi kuwa a ransa yana da sauran shekaru, tunda ranar da ke jikin bizar tana da nisa.

Daga wannan ruɗani ne yawancin matsala ke farawa. Abubuwa uku ne, kowanne da aikinsa. Biza ita ce takardar da ke manne a fasfo, kuma iyakar aikinta ta kai ka bakin ƙofar ƙasa. Izinin zama jami'in kan iyaka ne ke ba da shi ranar da ka shiga. Ga maziyarci yawanci wata 6 ne, in kuma ba a buga hatimi ko an rubuta wata rana ba, wata 6 ɗin ake ƙirgawa daga ranar shigowa. Na uku takardar izinin karatu, wadda hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ke amincewa da ita, kuma dole ce ga kusan duk karatun da ya wuce wata 6.

Babu wani ofishi a Kanada da ake miƙa bizar ziyara a juya ta. Nema ne sabo fil, daga tushe, da duk sharuɗɗan da ke kan wanda ke zaune a Kano ko Zariya.

Maganar "juyawa" tana da asali. A lokacin korona, cikin watan Agusta 2020, gwamnatin Kanada ta yi wani sassauci na wucin gadi da ya ba maziyarta damar neman izinin aiki ba tare da sun fita ƙasar ba. Na aiki ne, ba na karatu ba, kuma an soke shi ranar 28 ga Agusta 2024. Ɗaya daga cikin dalilan da hukumar ta bayar shi ne wasu miyagu na amfani da shi suna yaudarar baƙi. An rufe ƙofar, amma labarinta bai daina yawo a bakin dillalan biza ba.

Su wa ke iya nema daga cikin ƙasa

Sashe na 215 na ƙa'idojin shige da ficen Kanada ya jero mutanen da aka yarda su nemi izinin karatu suna ciki. Akwai wanda ya riga ya mallaki izinin karatu ko na aiki, da mata ko miji da 'ya'yansa. Akwai yaron da ke makarantar firamare ko sakandare, da ɗalibin musaya da jami'arsa ta turo, da mai neman mafaka. Maziyarci zalla, wanda ya zo biki ko suna ko yawon buɗe ido, ba ya cikin jerin.

Sai ƙofa guda da ta fi shafar irin ƙanena, wadda kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Doka ta yarda maziyarci ya yi karatun da bai wuce wata 6 ba ba tare da izinin karatu ba, muddin zai kammala shi cikin wa'adin da aka ba shi ranar shigowa. To, in wannan gajeren kwas ɗin sharaɗi ne da makaranta ta gindaya kafin ta karɓe ka a babban karatu, kuma ka kammala shi, kana iya nema daga ciki. Misali, kwaleji ta ba ka gurbi da sharaɗin sai ka yi wata 3 kana koyon Turanci na karatu a cibiyar da ta amince da ita. Ka yi, ka ci, ta ba ka cikakkiyar takardar karɓa. A nan ƙofar ta buɗe maka.

A lura da kalmar sharaɗi. Ba kowane gajeren kwas ba ne. In ka biya kuɗin koyon kwamfuta na mako 6 a wata cibiya da ba ta da alaƙa da makarantar da za ka shiga, ka ƙaru da ilimi, amma matsayinka bai sauya ba. Dole takardar makaranta ta nuna ƙarara cewa kwas ɗin wajibi ne kafin shiga. Kuma duk tsawon wannan lokacin daga aljihunka za ka ci, ka biya haya, domin maziyarci ba shi da izinin aiki ko na awa ɗaya.

In ba ka cikin jerin fa?

Kana iya cike takardun ta intanet kana zaune a falon 'yar'uwarka a Toronto, sai dai za a ɗauke ka a matsayin mai nema daga waje, ka shiga layi ɗaya da kowa. Kasancewar ƙafarka a ƙasar ba ta rage maka ko kwana guda.

Wurin da mutane suka fi faɗawa rami shi ne nan: wannan neman ba ya tsawaita zamanka. Wata 6 ɗinka na tafiya ko an amsa maka ko ba a amsa ba. In kana son ka jira a can, sai ka nemi ƙarin wa'adin ziyara daban, kuɗinsa dalar Kanada 100, kuma hukumar na ba da shawarar a nema aƙalla kwana 30 kafin wa'adi ya cika. Wanda ya tura kafin ranar ta wuce, zamansa na kan doka har a yanke hukunci. Wanda ya bari ta wuce yana da kwana 90 ya roƙi a maido masa da matsayinsa, da ƙarin kuɗi, kuma ba lallai a amince ba. Bayan kwana 90 sai fita. Tabon wuce wa'adi kuwa yana nan a fayil ɗinka, duk jami'in da zai duba nemanka na gaba zai gan shi.

Kada ka shiga aji kafin takarda ta zo hannu, ko da makaranta ta buɗe, ko da ka biya kuɗin zango. Na san zafin ganin abokai sun fara kai kana gida, amma sashe na 221 ya ce wanda ya yi karatu ko aiki ba da izini ba, ba za a ba shi izinin karatu ba sai bayan wata 6 da dainawa. In lokaci ya ƙure, ka rubuta wa makaranta ta ɗage maka zuwa zango na gaba. Abu ne da suka saba yi.

Sannan ko an amince, abin da zai shigo akwatinka wasiƙar gabatarwa ce. Ainihin takardar izinin a bakin iyaka ake buga ta, ranar da ka shigo. A da mutane kan tuƙa mota zuwa iyakar Amurka, su juyo nan take, a buga musu. An hana wannan daga daren 23 ga Disamba 2024, in ban da wasu 'yan rukunoni kaɗan, kamar 'yan Amurka. Saboda haka wanda ya bi wannan hanya ya sa kuɗin tikitin fita da dawowa cikin lissafinsa tun farko.

Abin da za a nema a hannunka

Da farko takardar karɓa daga makarantar da lardi ya amince ta ɗauki ɗaliban waje. Jerin sunayensu na shafin gwamnatin Kanada, kowace da lambarta. Tun 1 ga Disamba 2023 hukumar ke tuntuɓar makaranta kai tsaye ta tabbatar da kowace takarda, bayan da aka gano ɗalibai da dama daga Indiya sun shigo da takardun jabu da dillalai suka ba su, wasunsu ba su ma sani ba.

Sai takardar shaidar lardi. Ranar 22 ga Janairu 2024 ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar da ƙayyade yawan ɗaliban waje, aka raba wa kowane lardi kasonsa. Adadin da aka tsara wa 2025 shi ne 437,000. Yawancin masu neman difloma da digirin farko sai da wannan takarda, kuma makaranta ce ke samo maka ita, galibi bayan ka biya kafin alƙalami. Lardin Kebek yana da tasa takardar daban.

Sai kuɗi, kuma a nan gaskiya ke fitowa. Shekara da shekaru dala 10,000 ake nema a nuna na ci da sha da haya. Daga 1 ga Janairu 2024 ya koma 20,635, daga 1 ga Satumba 2025 kuma 22,895 ga mutum ɗaya, ban da kuɗin makaranta na shekarar farko da na jirgi. Ana sabunta adadin, don haka a duba na ranar da za a tura. Jami'i zai dubi bayanan banki na watannin baya. Kuɗin aro da aka zuba dunƙule mako guda kafin a ciro takardar banki ba ya ɓuya. In Baba ne ko Kawu zai ɗauki nauyi, a nuna sana'arsa, da inda kuɗin ya fito, da dangantakarku.

Kuɗin neman kansa dala 150 ne, ɗaukar hoton yatsu 85. Wanda ya zauna a Najeriya wata 6 a jere cikin shekarar da ta gabata zai yi gwajin lafiya wurin likitan da Kanada ta amince da shi. Hanyar gaggawa da aka taɓa ware wa ɗaliban Najeriya an rufe ta ranar 8 ga Nuwamba 2024.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da takarda. Jami'in da ke duba fayil ɗinka yana ganin abin da ka faɗa lokacin neman bizar ziyara: ka ce mako 3 za ka yi, ga shi ka shiga wata na biyar kana neman karatun shekara 2. Sauya shawara ba laifi ba ne, amma yana buƙatar bayani. Ka rubuta da kanka, cikin Turanci mai sauƙi: yaushe tunanin ya zo, me ya sa wannan kwas ɗin, yaya ya haɗu da abin da ka karanta ko kake yi a gida, me zai mayar da kai. Doka ta ɗora wa jami'in ya gamsu cewa za ka fita in wa'adinka ya ƙare, kuma kai ne za ka gamsar da shi. Ƙarya kuwa, ko takardar jabu, ko ɓoye cewa wata ƙasa ta taɓa hana ka biza, hukuncinta haramcin shiga Kanada na shekara 5, ko da dillali ne ya cike maka ba ka karanta ba. Mai karɓar kuɗi ya wakilce ka dole ya zama lauya mai rajista a Kanada ko mai ba da shawara da ke da lasisin hukumar CICC, kuma ana iya duba sunansa kyauta a shafinta.

A ganina, in ba ka cikin waɗanda sashe na 215 ya ambata, komawa gida a nema ya fi sauƙi da arha. Tikitin dai za ka saya ko ta yaya, kuma watannin jira a Toronto ba aiki suna cinye kuɗin da ya kamata su zauna a asusu jami'i ya gani. Ga wanda ya shiga ya fita kan lokaci kuma, tarihin tafiyarsa shaida ce mai kyau.

Ƙanena ya nemi sunan mutumin da ya ce zai juya masa biza a rajistar CICC, bai same shi ba. Ya roƙi makarantar ta ɗage masa zuwa Satumba, ta amince. Bayan ƙaramar Sallah ya sauka a Kano, saura kwana 12 wa'adinsa ya cika, ya je Abuja gwajin lafiya, ya tura takardunsa daga gida. Hoton yatsu kam bai sake ba, domin wanda ya bayar lokacin neman bizar ziyara yana aiki har shekara 10.