Yadda A Ke Haɗa Kusurwar Katako

Kafinta biyu su kan sayi katako iri ɗaya a Gusau, su ɗora a mota ɗaya, su kawo shi 'Yargalma. Ko wanne ya yi kabad na ɗakin amarya. Ɗaya ya karɓi kuɗinsa cif, ɗaya kuwa a tsaya ana yi masa ragi. Sau da yawa bambancin a kusurwa ya ke. Uwar amarya ba ta taɓa riƙe zarto ba, amma ta na da ido. In ta ga kusurwa ta buɗe baki, ciniki ya ɓaci.

Akwai haɗi mai sauƙi, watau a kara kan wannan katako a jikin wancan, a buga ƙusa. Wannan ya isa benci ko akwatin kaya. Amma katakon ado ba ya yarda da haka. Katakon ado shi ne siririn nan mai tudu da kwari da a ke bin bakin kabad da shi, ko madubi, ko ƙofa, ko silin. Tilas a yanka bakinsa a karkace, don tudu ya sadu da tudu, kwari ya sadu da kwari.

Dubi kusurwar takardar nan da ka ke karantawa. Masu awo su na ce da irinta digiri 90. Katako biyu za su raba ta daidai wa daida, ko wanne ya ɗauki 45. Hannu kaɗai ba ya iya riƙe wannan karkata, ko hannun gwani ne. Ga dalili. Firam ya na da kusurwa huɗu, watau yanka takwas ke nan. In ka kuskure digiri ɗaya tak a ko wane yanka, kuskuren ba ya ɓacewa. Taruwa ya ke yi, ya jira ka a kusurwar ƙarshe, ya zama digiri takwas.

Sabo da haka a ke yi wa zarto hanya. Sami katako uku miƙaƙƙu, ko wanne tsawon ƙafa ɗaya da rabi. Sa ɗaya a ƙasa, biyu a gefe, ka buga su kamar komin dabbobi. Na gefen su zama masu tauri, maɗaci ko kawo, don kada haƙoran zarto su cinye su da wuri. To, auna faɗin akwatin daga bayan wannan bango zuwa bayan wancan. A ce ka sami inci 5. Ɗora sikwaya, ka ja layi ya ratsa bangon biyu. Daga layin nan auna inci 5 a bayan bango na can, ka sa alama. Haɗa alamar da farkon layin a bango na kusa da kai. Wannan karkata ita ce 45, ba sai ka san lissafin digiri ba. Saukar da layin tsaye a jikin bangon biyu, ka bi shi da zarto a hankali har ƙasa. Sa'an nan ka yi wata tsaga mai kallon ɗaya wajen, gama akwai yankan dama, akwai na hagu. Duk wanda ya koyi aikin nan ya taɓa yanka dama biyu, ya tsaya ya na jujjuya su ya na mamaki.

Kada ka fara da katakon mai kaya. Yanka guntaye biyu tukuna, ka haɗa, ka gwada da sikwaya. Zarto mai ƙananan haƙora ya fi, don ba ya tsage ado. Bayan wannan, ka lura gefe biyu masu fuskantar juna su zama tsawo ɗaya. Ko karkata ta yi daidai, in ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa, kusurwa ba za ta rufe ba.

Akwai injin da ke yin wannan aiki da lantarki. A Amurka aka fara ƙera shi cikin shekarun 1960. Faifan zarto ne mai juyawa, a na sauko da shi bisa katako, a gindinsa kuma akwai lambobi. Sifiri shi ne yanka kai tsaye. Don firam mai gefe huɗu a kan juya shi zuwa 45, mai gefe shida 30, mai gefe takwas 22 da rabi. Ya na da sauri ƙwarai, amma ba ya bambanta katako da yatsa. Hannunka ya yi nisa da faifan, ko da inci 6 ne. Tuɓe babbar riga, naɗe hannun taguwa, sa tabarau. Kada ka riƙe ɗan guntu da yatsu, kada kuma ka ɗauke katako sai faifan ya tsaya cik.

Sai dai fa inji bai san ɗakunanmu ba. Bangon ƙasa, kai har na bulo ma, da wuya ka sami kusurwarsa 90 sosai. In za ka bi silin da katakon ado, ɗauki takarda, ka lanƙwasa ta har ta zauna daidai cikin kusurwar ɗakin. Cire ta, ka ninka kusurwar gida biyu. Abin da ya fito shi ne karkatar da za ka yanka a wannan kusurwa. Ko wace kusurwa da tata takardar.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi jawo wa kafinta kunya. Yawancin katakon kasuwa daga Kudu a ke kawo shi, da sauran danshi a jikinsa. In hunturu ya busa sai ya tsuke. A faɗi ya ke tsukewa, ba a tsawo ba. Don haka haɗin da ya rufe ruf da damina sai ya buɗe ta ciki da rani, mai kaya kuwa ya ce an cuce shi. Jera katako a inuwa, da 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya yi makonni kafin ka taɓa shi. Mai faɗi ya fi siriri buɗewa.

Wajen haɗawa, bakin yanka ya na shan gam kamar yashi. Shafa sau ɗaya, ka dakata kaɗan, ka sāke shafawa. Ɗaure firam ɗin kewaye da robar tsohon tub. Kafin gam ya kama, auna da zare daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka kuma auna ɗaya wajen. In awon biyu sun yi ɗaya, ka bar shi ya kwana. Da safe ka buga 'yan ƙananan ƙusoshi, amma ka dakushe tsininsu da guduma tukuna, don kada su tsaga bakin katako.