Me Ya Sa 'Yan Matanmu Ke Tsoron Hanya?

A ikilisiyarmu mun lura cewa 'yan mata sun fara ƙaurace wa koyon waƙa na yamma. Da farko mun ɗauka kasala ce, har muka tsawata musu. Sai da shugabar Zumuntar Mata ta zauna da su sannan gaskiya ta fito. Akwai majalisar samari a bakin kwana, kusa da mai shayi, kuma duk yarinyar da ta wuce sai an yi mata fito, an faɗa mata maganar banza. Wata ma an ja mata gyale, an bi ta har ƙofar gida. Ta yi shiru ne don ta san abin da za a fara tambayarta: wace irin riga kika sa?

'Yan'uwa, wannan matsala ba ta unguwarmu kaɗai ba ce. A watan Disamba na 2018, mata a Legas sun yi zanga-zanga a kasuwar Yaba saboda yadda 'yan kasuwa ke kama hannunsu da taɓa jikinsu da sunan kiran ciniki. Maimakon a ba su haƙuri, wasu suka yi musu ihu da jifa. A Kano kuwa, tun 2005 gwamnati ta kawo kekunan A Daidaita Sahu domin mata su huta da hawa acaɓa. Amma canjin abin hawa bai gyara bakin wanda ke zaune a gefen titi ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai Naira 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya riƙa bibiyar wani yana tsorata shi. Da farko a Abuja kawai take aiki, daga baya jihohi suka riƙa ɗaukarta. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Sai dai ɗan sanda ba zai tsaya a kowane lungu ba.

To, wa zai tsaya? Mu tuna da Bo'aza a cikin Littafin Rut, sura 2. Rut baƙuwa ce, gwauruwa, tana kala a gonarsa. Bo'aza bai ce mata ta koma gida ta ɓuya ba. Samarinsa ya ja wa kunne kada su taɓa ta, ya kuma bar ta ta ci gaba da neman abincinta. Mu kuma mun juya abin. 'Ya'yanmu mata muke kullewa, samarin kuwa mun sake su. Kada mu ruɗi kanmu, wasu daga cikin masu zaman majalisar nan ranar Lahadi suna kan benci tare da mu.

Ga abin da muka fara yi. Mun dawo da koyon waƙa ƙarfe 4 domin a tashi kafin duhu. Dattawa biyu sun je wurin mai unguwa tare da limamin masallacin da ke kusa, domin 'ya'yansu ma wannan hanya suke bi zuwa Islamiyya. Mun kuma sa wannan zance cikin darasin matasa maza, ba na mata kaɗai ba.

Iyaye, idan 'yarku ta kawo kuka, ku saurare ta kafin ku tuhume ta. Magidanta, idan kun ga ana tare mace a hanya, ku buɗe baki ku tsawata, ko da ba ku san ta ba. Gobe taku ce za ta bi ta wurin. Allah ya ba mu ƙarfin hali. Amin.