Kokowa: Yadda matasan Madaoua, Bouza da Keita ke fafutukar samun gurbi cikin goman da za su nemo wa Tahoua takobi

Da zarar an gama yankan hatsi an kai damma rumbu, ƙauyukan Adar kan shiga wani yanayi na daban. Da rana tashoshin mota sukan cika da samari masu shirin tafiya ci-rani. Da dare kuma, idan wata ya yi haske, ganga kan tashi a dandali, a share fili, samarin da suka rage su ɗaura layu su shiga kokowa.

Ga mafi yawansu wasa ne na bayan kaka, kamar yadda iyaye da kakanni suka yi. Amma ga 'yan kaɗan daga cikinsu, wannan fili shi ne matakin farko na wata doguwar hanya da ke ƙarewa a gasar takobi ta ƙasa, wadda babu wani wasa da ya kai ta jan hankalin jama'a a Jamhuriyar Nijar.

A gundumomin Madaoua, Bouza da Keita na jihar Tahoua, matashin da ya fara yin suna a kokowa kan samu kansa a tsaka mai wuya. Ko dai ya bi 'yan uwansa zuwa Abidjan, Legas, Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, ko kuma ya zauna ya jarraba sa'arsa a zaɓen da ba shi da tabbacin tsallakewa.

Gurbi goma kacal

Jihohi takwas ne ke shiga gasar takobi: Agadez, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tahoua, Tillaberi, Damagaram da birnin Yamai. Kowace jiha na zuwa da 'yan kokowa goma, wato mutum 80 ke nan ke neman takobi ɗaya, a cikin kimanin kwana goma.

Jihar Tahoua na da gundumomi 12, ban da birnin Tahoua kansa, kuma ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan uku. Madaoua, Bouza da Keita kaɗai sun haura mutum miliyan ɗaya. Duk wannan jama'a, gurbi goma ne za a raba.

Ko goman ma ba duka ne ke buɗe ga sabon shiga ba. Akwai tsofaffin hannu da suka riga suka kafu, waɗanda suka sha zuwa gasar kuma suka san abokan karawarsu na sauran jihohi. Matashin da ya fito daga Tamaske, Karofane ko Bangui, sai ya kayar da ɗaya daga cikin irin waɗannan, ko aƙalla ya gwada cewa ya kusa kai wa matsayinsu, kafin a ba shi wuri.

Tsarin gasar ma ba ya yafiya. Jihohi na karawa da juna ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga jerin masu neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokowa. Waɗanda ba su faɗi ba ne kawai ke isa zagayen ƙarshe. Kuskure guda na daƙiƙa biyu na iya shafe aikin shekara guda.

Daga dandalin ƙauye zuwa filin Hamidine Maidare

Hanyar takan fara ne daga gida. Yaro kan fara kokowa da sa'o'insa a kan yashi, ya kayar da na unguwarsu, daga nan a fara kai shi ƙauyukan maƙwabta ranar kasuwa ko lokacin biki. Idan makaɗa suka fara ambaton sunansa, to labarinsa ya fara fita.

Daga nan sai zaɓen ƙaramar hukuma da na gunduma. A Madaoua ana haɗa samarin Azarori, Bangui, Galma, Ourno da Sabon Gida. A Bouza akwai na Allakaye, Babankatami, Deoule, Karofane, Tabotaki da Tama. A Keita kuma na Garhanga, Ibohamane da Tamaske ne ke haɗuwa da na cikin gari.

Waɗanda suka tsallake sukan nufi birnin Tahoua, inda filin kokowa na Hamidine Maidare yake, domin zaɓen jiha. Goman da aka fitar ana killace su wuri guda na wasu kwanaki kafin gasar, a ba su abinci da horo, masu horarwa su yi nazarin yadda za su tunkari kowace jiha.

Ga yaron ƙauye, wannan killacewa kan zama karon farko da zai yi atisaye bisa tsari, safe da yamma, ƙarƙashin mai horarwa. Kafin nan duk ƙarfinsa daga gona ya samo shi.

Abin da masu zaɓe ke dubawa

Ƙarfi shi ne abu na farko da ido ke gani, kuma a nan samarin waɗannan gundumomi ba su da abin kunya. Wanda ya tashi yana jan ruwa a garkar albasa ta kwarin Tarka, ko yana ɗaukar duwatsu a tsaunukan Keita, ko yana noma a kwarin Majiya, ba ya buƙatar ɗakin ɗaga ƙarfe kafin damtsensa ya cika.

Sai dai ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Masana kokowa kan dubi tsayuwar yaro: yadda yake dasa ƙafafunsa, yadda yake sunkuyawa ba tare da ya ba da ƙafa ba, da yadda yake kuɓucewa idan aka kama shi ta ƙugu. Kaye na tabbata ne idan baya, mazaunai ko kan mutum ya taɓa ƙasa, don haka wanda ya iya tsayuwa ya riga ya yi rabin aikin.

Na biyu shi ne numfashi. Kokowar dandali takan ƙare cikin ɗan lokaci, amma a babban fili karawa na iya jan mintoci masu yawa, kuma gobe ma akwai wata. Matasa da dama da ke da kaye mai kyau sukan gaji tun kafin gasa ta yi nisa.

Na uku shi ne sanin doka. Alƙalan wasa na ba da gargaɗi ga mai gudun kamu ko mai yin abin da aka hana, kuma gargaɗi na iya jawo wa mutum asarar karawa ba tare da an kai shi ƙasa ba. Wanda ya saba da kokowar ƙauye, inda dattawa ke raba gardama, sai ya sake koyon wasan.

Na huɗu kuwa zuciya ce. Fili cike da dubban mutane, ga kiɗa, ga kirari, ga 'yan cali-cali na ba da dariya, ga kyamarorin talabijin na ƙasa. A gabanka kuma ga mutumin da tun kana yaro kake jin sunansa a rediyo. Akwai waɗanda tun daga nan gwiwarsu ke yin sanyi.

Gadon da suka taras

Matashin Tahoua ba ya shiga fili da sunansa kaɗai. A birnin Tahoua aka fara gasar ta ƙasa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountche, kuma Yacouba Ango da aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ne ya fara ɗaukar takobin.

Tun daga lokacin jihar ta fitar da gwanaye. Dattawa har gobe suna ba da labarin Kadade, ɗaya daga cikin manyan 'yan kokowar zamanin farko. Bayansa an yi Harouna Abdou, sannan a 2017 Yahaya Kaka ya ɗauki takobi a gaban jama'arsa a Tahoua. A shekarun baya-bayan nan sunan Noura Hassan na cikin waɗanda magoya bayan jihar suka fi dogara da su.

A ɗaya gefen kuma akwai Kadri Abdou na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka. A watan Disamban 2023 a Agadez ya ɗauki takobinsa na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. Duk yaron da ke tasowa yanzu, da wannan ma'auni ake auna shi.

Abin da ke jiran wanda ya yi nasara ba ƙarami ba ne: takobi, rawani, doki, miliyoyin sefa daga gwamnati, da kyaututtukan 'yan kasuwa da manyan jiha. Ko wanda bai kai ƙarshe ba, kaye ɗaya mai kyau a kan wani babban suna na iya sa a yi masa ruwan kyauta, a kuma riƙa gayyatarsa wasanni har bayan gasar.

Ci-rani ko takobi

Matsalar ita ce lokaci. A 'yan shekarun nan a ƙarshen watan Disamba ake yin gasar, zaɓen gundumomi da na jiha kuma kafin nan. Wannan shi ne daidai lokacin da samarin Adar ke barin gida.

Ci-rani a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Ƙasar duwatsu ce, ruwan sama ba ya da tabbas, kuma abin da aka noma sau da yawa ba ya kai gida zuwa wata damina. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka yi mafi yawan aikin jera duwatsu da dashen itatuwa, saboda maza sun tafi nema.

Don haka idan saurayi mai shekara 20 ya ce zai zauna saboda kokowa, gidansu ne ke biyan kuɗin wannan zama. Kuɗin da zai aiko na hatsi ba za su zo ba. Shi kuma yana buƙatar abinci fiye da na kowa, ga kuɗin mota zuwa wasanni, ga na malamai da masu ba da taimako, wanda kusan babu ɗan kokowar da ke shiga fili ba tare da shi ba.

Idan ya samu gurbi, an ci riba. Idan bai samu ba, ya yi asarar rani guda. Idan kuma ya gurɗe ko ya karye a zaɓen gunduma, jinyar ta koma kan iyayensa, noman baɗi ma ya shiga haɗari.

Wannan ne ya sa ake rasa gwanaye da yawa tun ba a san su ba. Wasu suna can suna tura baro ko sayar da shayi a biranen bakin teku. Wasu kuma sukan koma wata jihar, inda suke ganin samun gurbi ya fi sauƙi ko kuma akwai mai ɗaukar nauyinsu, har wata rana su dawo su kara da jihar da aka haife su.

Yadda wasu ke zaɓen nasu

A Kanada da Amurka, inda 'yan Nijar da dama ke zaune yanzu, akwai tsarin da ya saɓa da wannan. Babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato NHL, na da ƙungiyoyi 32, kuma kowace shekara suna zama su zaɓi matasa a zagaye bakwai, yawanci 'yan shekara 18. Tun 1963 ake yin haka. Ƙungiyoyin da suka fi rauni a kakar da ta wuce su ne ke da babbar damar fara zaɓe, domin kada ƙarfi ya taru wuri ɗaya.

Kafin ranar zaɓen, an shafe shekaru ana bin yaron: an san shekarunsa, tsawonsa, nauyinsa, raunukan da ya taɓa ji da duk wasannin da ya buga. Wanda ya sa hannu a kwantaragi kuma yana da albashi da likita.

Babu mai cewa a kwaso wannan a kawo Bouza yadda yake, domin kuɗin da ke cikin wasannin biyu ba ɗaya ba ne. Amma akwai darasi: su suna neman yaron tun kafin ya yi suna, a nan kuwa sai yaro ya yi suna da kuɗin gidansu sannan a waiwaye shi.

Abin da zai iya sauya lamarin

Abu na farko shi ne gasar matasa mai ɗorewa a matakin gunduma, bisa shekaru da nauyi. Gasar takobi ba ta raba nauyi, don haka yaro mai kilo 65 ba shi da wata dama a gaban mai kilo 110, komai gwanintarsa. Amma a gasannin kokowar Afirka ana raba 'yan wasa rukuni-rukuni, daga masu kilo 66 har zuwa manya. Ƙaramin jiki da ba zai ɗauki takobi ba na iya ciyo wa ƙasa lambar zinariya.

Nijar ta riga ta ga alamar haka. Lambobin Olamfik biyu da take da su duk daga wasannin gwada ƙarfi suka fito: tagullar Issaka Dabore a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016.

Na biyu shi ne rajista. Idan kowace ƙaramar hukuma na da littafin 'yan kokowarta, da shekarunsu da sakamakon wasanninsu, zaɓe zai rage dogara da wanda ya san wani, kuma gardamar da kan biyo bayan fitar da sunaye za ta ragu.

Na uku shi ne kula da lafiya tun daga zaɓen gunduma, ba sai an kai babban fili ba.

Na huɗu ya shafi 'yan ci-rani kai tsaye. Su ne ke kwana kan Facebook da WhatsApp lokacin gasa, su ne ke aiko da kyauta idan ɗan garinsu ya yi kaye. Wannan kyauta takan zo ne bayan an riga an yi nasara. Da ƙungiyoyin 'yan asalin Tamaske, Bouza ko Madaoua da ke waje za su haɗa abin da zai riƙe gidan yaro ɗaya na wata uku kafin zaɓe, da an samu waɗanda za su zauna su gwada.

A 1975, shekarar da aka fara gasar takobi, aka fara dasa layukan itatuwan kare iska a kwarin Majiya. Waɗanda suka dasa su sun jira shekaru kafin su ga amfaninsu a gonaki. Ɗan kokowa ma haka yake, yana buƙatar wanda zai ɗauki nauyinsa tun yana ɗanye.

A halin yanzu dai hukuncin na hannun yaron da iyayensa. Idan kaka ta wuce, mota na jira a tasha, ganga kuma na kira a dandali, kuma dole ya zaɓi ɗaya.