Jariri Da Littafi: Abin Da Iyaye Ma'aikata Ke Samu A Jabi, Da Giɓin Da Ya Rage Wa Hausa

Tsakanin tashar motar Jabi, inda ake lodin fasinjojin garuruwan Arewa, da katafaren kantin Jabi Lake Mall da aka buɗe a bakin tafki a 2015, da wuya mai jego ta nemi wani abu na jariri ta rasa. Akwai gado da keken turawa, akwai rigunan sanyi da madarar gwangwani, akwai kayan wasa masu kiɗa da walƙiya. Abin da yake da wuyar samu shi ne littafin jarirai mai shafukan kwali wanda aka rubuta da Hausa. Na Turanci ana dacewa da su, sababbi ko na gwanjo, kuma yawancinsu daga Ingila da Amurka suka fito.

Wanda ya tashi a babban gida a Kano ko Katsina zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar magana, domin a can jariri ba ya rasa mai yi masa surutu. Kaka na yi masa tawai da waƙar reno, goggo na tsokanarsa, yayye na karɓe shi daga hannu zuwa hannu, da dare kuma yana bayan uwarsa ana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ko uwar da ke kunyar ɗan fari, wadda ba ta kiran sunansa a gaban mutane, ba ta bar shi cikin shiru ba, tunda gidan cike yake da masu cike mata gurbi.

A Abuja lissafin ya canza. Da zarar an yi arba'in uwa ta dawo daga wankan gida, sai ita da mijinta da jariri a gidan haya na ɗaki biyu a Jabi ko Utako, ko can Kubwa da Lugbe. Hutun da Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince wa ma'aikata maza a Satumbar 2021 kwana 14 ne. Idan na uwa ya ƙare, ita ma sai ta bi sahun masu sammakon isa Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas. Jariri ya wuni a gidan reno, inda Turanci ko broka ne harshen hulɗa. Abin da ya rage wa iyaye shi ne sa'a ɗaya ko biyu tsakanin magariba da barci, bayan gajiyar ofis da cunkoson hanya. A wannan ɗan taƙin ne littafi da waya ke takara.

Me jariri zai fahimta?

Wannan ita ce tambayar da iyaye da yawa kan fara yi, kuma likitocin yara sun daɗe da amsa ta. A 2014 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a shawarci iyaye su riƙa karanta wa 'ya'yansu tun daga haihuwa. Kafin nan, a 1989, wasu likitoci da malamai a birnin Boston sun kafa shirin Reach Out and Read, wanda ke ba yaro littafi idan an kai shi awo asibiti. A Ingila ma shirin Bookstart ya fara raba wa jarirai littattafai a Birmingham a 1992. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, ta ba da shawarar a maye gurbinsu da karatu da ba da labari.

Jariri ba ya bin zaren labari, amma kunnensa na aiki tuƙuru. Binciken Farfesa Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ya nuna cewa tsakanin wata 6 zuwa 12 ƙwaƙwalwar yaro ke karkata ga sautukan harshen da yake ji, tana sakin waɗanda ba ya ji. A wani gwaji da aka wallafa a 2003, an haɗa jarirai 'yan wata 9 daga gidajen masu Turanci da masu magana da Sinanci har zama 12. Waɗanda aka yi wa magana ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci. Waɗanda aka kunna wa bidiyo ko faifan murya na mutanen nan ba su nuna sun tsinci komai ba.

Darasin ya shafi Bahaushe kai tsaye. Hausa na da sautukan da Turanci ba shi da su, wato ɓ da ɗ da ƙ da 'y da ts, ga kuma karin sauti da tsawon wasali da ke raba ma'anar kalmomi. Yaron da zai bambance bara da ɓara, ko kafa da ƙafa, yana bukatar ya ji su tun da wuri daga bakin mutumin da ke kallon fuskarsa. Katun na waya ba ya yin wannan aiki. Littafi kuwa dalili ne na zama a cinya, a nuna hoto, a faɗi suna, a maimaita.

Littattafan da suka yi suna

Littattafan da suka daɗe ana yayinsu a duniya sun yi tarayya a abubuwa kaɗan: hoto babba a kowane shafi, kalmomi ƙalilan, da maimaici wanda ke sa yaro ya san abin da ke tafe. Goodnight Moon na Margaret Wise Brown, wanda ya fito a 1947, ɗan zomo ne ke yi wa kayan ɗakinsa sai da safe ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ya dace da lokacin barci. Brown Bear, Brown Bear, What Do You See? na Bill Martin Jr, na 1967, jerin dabbobi ne kowace da launinta. Wanda ya zana hotunansa, Eric Carle, shi ya fitar da The Very Hungry Caterpillar a 1969, labarin tsutsar da ke ƙara cin abinci kullum har ta zama malam-buɗe-littafi, kuma an huda shafukan yadda ɗan yatsan yaro zai shiga.

Ga mai son karantawa da Hausa, Dear Zoo na Rod Campbell, wanda ya fito a 1982, ya fi sauƙin juyawa. Kowace dabba na ɓoye a bayan murfin takarda da yaro zai ɗaga: giwa, raƙumin dawa, zaki, raƙumi, maciji, biri, kwaɗo, sai kwikwiyo a ƙarshe. Dukansu suna da sunaye a Hausa, wasu ma suna ɗauke da sautukan nan masu lanƙwasa. Where's Spot? na Eric Hill, na 1980, shi ma wasan ɓuya ne irin wannan.

Sai dai wasu hotunan baƙi ne ga yaron Abuja. Tsutsar Carle na cin 'ya'yan itatuwan Turai da tsiran alatun Bature, waɗanda ko iyayen ba lallai su san sunansu ba. Nan ne Baby Goes to Market na Atinuke, marubuciya haifaffiyar Najeriya, ya yi fice. Ya fito a 2017 da zanen Angela Brooksbank. Jariri ne goye a bayan uwarsa a kasuwa, 'yan kasuwa na miƙa masa ayaba da lemo da cincin da gasasshiyar masara da kwakwa, yana cin ɗaya yana jefa sauran a kwandon da ke kanta ba ta sani ba. Duk yaron da aka taɓa goyawa zuwa kasuwar Utako ko Wuse zai ga duniyarsa a ciki. Haka Handa's Surprise na Eileen Browne, na 1994, wanda aka gina a Kenya, yana da mangwaro da gwaiba da abarba. A nan Abuja kuma kamfanin Cassava Republic, wanda Bibi Bakare-Yusuf ta jagoranci kafawa a 2006, ya wallafa littattafan yara masu hoto da Turanci, kodayake sun fi dacewa da waɗanda suka ɗan tasa.

Inda Hausa ta tsaya

Hausa ba matalauciya ba ce a fagen littafin yara. Tun gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, aka ɗora harsashi. Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, kuma kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 ya ci gaba da yaɗa irin waɗannan littattafai, har da jerin Ka Koyi Karatu. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida a farkon shekarun 1970. A baya-bayan nan shirin Mu Karanta! ya samar da littattafan koyon karatu ga makarantun Sakkwato da Bauchi, shirin RANA kuma ya yi aiki a Katsina da Zamfara.

Duk waɗannan an yi su ne domin ɗan makaranta. Ɗan wata takwas, wanda ke kai komai baki, yana bukatar shafi mai kauri da ba ya yagewa, mai jure yawu, mai kusurwa marar kaifi. Buga irin wannan yana da tsada, akasarinsa a China ake yi, ga shi masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa wadatar da ƙasar. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara wa duk littafin da aka shigo da shi kuɗi. Mawallafi kuwa ya fi son littafin da ke cikin manhaja, wanda ya san makarantu za su saya.

Manufar gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Nuwambar 2022 Majalisar Zartaswa ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai kuma a Nuwambar 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da komawa ga Turanci. Ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe shekaru a tsaye a tsakiyar birnin ba a kammala ba. Ma'anar wannan ga ma'aikacin da ke renon ɗa a Abuja ita ce, Hausar da yaron zai samu daga gida za ta fito.

Abin da iyaye za su iya yi

Jariri bai san abin da aka rubuta a shafi ba, saboda haka littafin Turanci ba ya tilasta wa kowa karatu da Turanci. Uwa na iya nuna hoton giwa ta ce giwa, ta kwaikwayi tafiyarta, ta jira yaron ya mayar da nasa gwalantun. Uba na iya sa wa jaririn da ke cikin littafin sunan ɗansa. Idan Hajiya ta zo ganin jika, ita ma hotunan sun ishe ta, ko da ba ta yi boko ba.

Shekaru na da nasu hukunci. A watannin farko jariri ya fi ganin abin da ke kusa da shi kamar santimita 20 zuwa 30, kuma baƙi da fari da fuskar mutum sun fi jan idonsa. Daga wata 6 zai fara damƙa da tauna, don haka kwali ko ƙyalle ya dace da shi. Wajen shekara ɗaya zai fara nuni da yatsa da juya shafi, ya kuma nace a kan littafi guda kullum. Wannan naci shi ne koyon, ba abin gundura ba ne. Minti biyar zuwa goma sun wadatar, kuma idan ya kau da kai a ƙyale shi.

Ga masu neman Hausa a rubuce, akwai labaran yara masu hoto kyauta a African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library, kuma ana iya sauke su a buga a shagon kwafi, a lulluɓe shafukan da leda mai ƙarfi, a zagaye kusurwoyin da almakashi. Wasu iyayen kan haɗa nasu da hotunan gida: Kaka, Baffa, Goggo, akuya, buta, ƙwarya, kowane da sunansa a ƙasa. Da littafi irin wannan mai shafi takwas, ranar da aka hau mota a tashar Jabi aka je gida hutun sallah, yaron zai tarar da fuskokin da ya riga ya san sunayensu.